Jirgin da Ke Tunkarar Iska Gaba da Gaba: Ina Gaskiya, Ina Ƙari a Wasannin Teku na Intanet?

A wasan Sea of Thieves, wanda kamfanin Rare na Ingila ya fitar a watan Maris na 2018, mutum huɗu ne ke tuƙa jirgi mafi girma. Ɗaya na riƙe da sitiyari, ɗaya na jan igiyar ƙyallen iska, ɗaya na ɗura igwa, na huɗun yana can ƙasa da bokiti yana kwashe ruwa yana toshe ɓula da katako. In sun ga dama sai su juya goshin jirgin su fuskanci inda iska ke fitowa, gaba da gaba, kuma jirgin ya ci gaba da tafiya. Gudunsa zai ragu, amma ba zai tsaya ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa jirgin iska na gaske a nan zai fashe da dariya, domin jirgin da ya yi haka a teku tsayawa zai yi cak, daga nan iska ta manna ƙyallayen a jikin jigo ta fara tura shi da baya.

Galibinmu ba a bakin teku muka tashi ba. Jirgin da muka sani shi ne kwale-kwalen Yawuri da na Tafkin Chadi, na gora da filafili, sai kuma mai inji. Shi ya sa idan matashi ya shiga ɗaya daga cikin wasannin nan na intanet da mutum ke sa rigar wani, yau ya zama ɗan fashin teku, gobe falke mai safarar kayan yaji, abin da ya gani a allo shi yake ɗauka a matsayin yadda jiragen da suke. Wani ɓangaren haka yake. Wani kuwa lanƙwasa shi aka yi da gangan, kuma masu lanƙwasawar sun san abin da suke yi.

Sai mun fara da jirgin kansa. Yana da doguwar itaciya a tsaye, ita ce jigo, a jikinta ake rataya ƙyalle mai kauri da ke kama iska. Ratayar iri biyu ce a dunƙule. Ta farko, a gicciya sanda a jikin jigo, ƙyalle mai kusurwa huɗu ya sauko daga gare ta kamar labule ya tare faɗin jirgin. Wannan ita ce ta manyan jiragen Turawa na yaƙi da na kaya. Ta biyu, ƙyallen ya bi tsawon jirgin daga goshi zuwa baya, sau da yawa mai kusurwa uku, irin na jiragen Larabawa da na mutanen gaɓar Afirka ta Gabas.

Mutane da dama sun ɗauka iska tura jirgi kawai take yi ta baya, kamar yadda ake tura motar da ta mutu a hanya. Hakan na faruwa, sai dai shi ne mafi sauƙin aikin. Idan iska ta zo ta gefe, ƙyallen da aka karkata daidai aikin fiffiken jirgin sama yake yi: iska ta bi ta cikinsa da ta bayan kumburinsa, ta haifar da ƙarfin da ke jan jirgin gefe da gaba lokaci guda. Abin da ke hana shi zamewa gefe baki ɗaya shi ne cikinsa da ke nutse a ruwa, da dogon gungumen da ke kwance a ƙasansa kamar ƙashin baya. Ruwa ya tare gefe, sai gaba ta rage. Ka matse jiƙaƙƙen sabulu tsakanin yatsu biyu ka ga inda zai suɓuce.

Amma dabarar tana da iyaka, kuma a kan iyakar nan duk maganar take. Tsoffin matuƙa sun raba kamfas gida 32, kowane gida digiri 11 da kwata. Jirgi mai ƙyallen gicciye ba ya iya matsawa kusa da bakin iska fiye da gida shida, kimanin digiri 67, saboda igiyoyin da ke riƙe da jigo suna tare sandar, ba ta juyuwa fiye da haka. Mai ƙyallen tsawo yakan kai gida huɗu, wato digiri 45. Ka haɗa dama da hagu, babban jirgin yaƙi yana da digiri 135, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kewayensa, da ba zai iya nufa ba ko da kyaftin zai fasa maƙogwaro da ihu.

To, in garin da za ka yana cikin wannan yankin fa? Sai tafiyar maciji. A karkata dama a yi nisa, a juyo hagu a yi nisa, ana cin hanya kaɗan-kaɗan. A kan digiri 67, duk kilomita 10 da ka yi, abin da ka matsa wajen da kake so bai kai kilomita 4 ba, kuma ba a cire zamewar gefe ba tukuna. Mai digiri 45 yana samun kusan 7. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan fashin tekun Karibiyan, can yankin Amurka, na farkon shekarun 1700 suka fi son ƙananan jirage masu jigo ɗaya. In babban jirgin gwamnati ya biyo su, sai su nufi bakin iska ko su shiga ruwa marar zurfi, ya tsaya yana kallonsu.

Juyowar kanta aiki ce mai haɗari. Sai an tara gudu, a karkata goshi ya ratsa ta bakin iska, a daidai lokacin da ya dace a ja sandunan tsakiya da na baya su koma ɗaya ɓangaren, a bar na gaba iska ta buge su ta baya ta ƙarasa tura goshin, sannan su ma a ja su. In aka makara ko aka yi garaje, jirgin ya maƙale fuskarsa a iska, sitiyari ya daina jin magana. A gaban maƙiyi, ko kusa da duwatsu, wannan ajali ne. Kyaftin ɗin da bai yarda da mutanensa ba yakan gwammace ya juyo ta baya, ya ba iska ƙeya ya zagayo, duk da zai yi asarar tafiyar da ya sha wuya ya samu.

Wasan da ya fi kusantar wannan, a ganina, shi ne Naval Action na kamfanin Game-Labs, wanda aka buɗe wa jama'a don gwaji a 2016 aka kammala a 2019. A cikinsa sandunan jigon gaba suna da maɓallansu, na tsakiya da na baya suna da nasu. Mutum na iya maƙalewa a bakin iska in bai iya ba, yana iya ja da baya da gangan in ya iya, kuma iska na karkatar da jirgi har igwar ɓangare ɗaya ta sunkuya wajen ruwa, ta ɗaya ɓangaren ta ɗaga sama. Sabon shiga yakan sha wuya kafin hannunsa ya faɗa, kuma yaƙi guda na iya cin fiye da awa. Kafin shi an yi Pirates of the Burning Sea a 2008, wanda aka gina a kan Karibiyan na 1720. Shi bai ba ɗan wasa sanduna a hannu ba, amma wanda ya tsaya ta ɓangaren da iska ke fitowa shi ke da zaɓin afkawa ko janyewa, kamar yadda yake a yaƙin gaske. Wani abin burgewa game da shi, an bar 'yan wasa su zana jirage daga tsoffin taswirorin maƙera su aika, in an tantance a sa su a wasan.

Sea of Thieves wata hanyar ya bi, kuma ban ga laifinsa ba. Abokai ne suka haɗu bayan aiki, awa ɗaya ko biyu gare su. In iska ta ce ba za su je tsibirin da taswira ta nuna ba sai sun yi minti 40 suna tafiyar maciji, gobe ba za su dawo ba. Sai masu wasan suka bar inuwar gaskiya: ƙaramin jirgi mai jigo ɗaya shi ya fi gudu in aka tunkari iska, babban mai jigo uku shi ya fi in iska na baya. Don haka dabarar tsoffin 'yan fashi, ta tsere wa babba ta bakin iska, tana aiki a nan ma, ko da lissafin da ke ƙarƙashinta ba na teku ba ne. Inda abin ya zama wasan yara shi ne 'yan wasa sun gano cewa a ƙaramin jirgin, in za ka tunkari iska, gara ka bar ƙyallen a miƙe ya fuskance ta sosai da ka karkata shi. A teku wannan ita ce hanyar tsayar da jirgi. Sunayen da aka ba jiragen wasan ma, irin su sulup da birgantin, aro ne kawai. Abin da ake kira sulup a tarihi babban ƙyallensa na tsawo ne, birgantin kuwa jigon gaba gicciye, na baya tsawo, amma a wasan duk labulen gicciye aka rataya musu.

Skull and Bones na Ubisoft, wanda ya fito a Fabrairun 2024 bayan jinkirin shekaru, ya fi kowa ado kuma ya fi kowa nisa da teku. An kai shi Tekun Indiya, har akwai jirage irin na Larabawa, amma tuƙin ya fi kama da na mota mai giya. Kana iya ɗora wa jirgin katako roka da makamin da ke bi ta ƙarƙashin ruwa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Wanda ya ba ni mamaki shi ne Valheim, ƙaramin wasa daga Suwidin da ya fito a Fabrairun 2021, inda mutum goma ke iya haɗuwa a duniya guda. Jirginsa na Bikin, mutanen arewacin Turai na da, jigo ɗaya ne da ƙyalle ɗaya, ba wata igiyar da za ka taɓa. Amma in ka juya goshi wajen iska ƙyallen ya daina ja. Ko ka naɗe shi ka koma tuƙi da filafili a hankali, ko ka yi tafiyar maciji, ko ka jira. Doka ɗaya ce tak, kuma ita ce dokar da ta mulki teku shekaru dubbai. A 2007 gidan tarihin jiragen Bikin da ke Roskilde a Danmak ya tura wani jirgi mai tsawon mita 30, wanda aka ƙera a kan samfurin wani tsohon jirgi da aka tono, zuwa Dublin da mutum kimanin 60. Sun tashi 1 ga Yuli suka isa 14 ga Agusta, kuma a hanya, da iska ta ƙi ba su haɗin kai, sai da jirgin rakiya mai inji ya ja su ya ratsa da su Tekun Arewa. Ƙwararru ke nan, da na'urorin hasashen yanayi a hannu. Wasan da iska ke iya ce maka a'a ya fi kusa da wannan tafiyar fiye da wanda aka zana wa igiya dubu amma ba ɗaya mai aiki.

Tunda an zo maganar igiya, ga ma'auni. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765 kuma yana nan ajiye a Portsmouth har yau, yana iya ɗaukar ƙyalle 37. Igiyoyinsa in aka jera su sun kai kusan kilomita 42, kamar daga Kano zuwa Wudil, suna bi ta kan ƙananan ƙafafun katako masu juyawa guda 768, irin wanda ake ɗaurawa a bakin rijiya mai zurfi. Igiyoyin kashi biyu ne. Akwai na tsaye, waɗanda ke riƙe da jigo kada ya faɗi, ana shafa musu kwalta shi ya sa suke baƙaƙe. Akwai masu motsi, na ɗagawa da saukewa da karkatawa, su ba a shafa musu don su riƙa zamewa. Kowace da sunanta da inda ake ɗaure ta, kuma ana son ma'aikaci ya lalubo ta cikin duhu ana ruwan sama. A yawancin wasanni abin da ake zanawa shi ne na tsayen, musamman masu kama da tsani da ake hawa, sai wasu 'yan zaruruwa da in ka bi su da ido ba za ka ga inda suka ƙare ba. Dalilin a fili yake. Duk igiyar da ke motsi sai kwamfuta ta lissafa ta, sannan a tabbatar ɗan wasan da ke Burazil da wanda ke Jamus sun gan ta a wuri guda a daƙiƙa guda. Raƙuman ruwa kaɗai sun isa aiki.

Akwai ƙananan kurakuran da ba su da wannan uzurin. Ka lura da tuta a zane-zane da tallace-tallacen wasanni: ƙyallaye sun kumbura gaba, alamar iska na baya, amma tuta na kaɗawa baya. Mai zanen babur ya tuna. Iskar da ta kumbura ƙyalle gaba ita za ta kai tuta gaba. Haka nan sitiyari mai zagaye, sai a farkon shekarun 1700 ya bayyana a jirage. Galiyon, babban jirgin Turawa na shekarun 1500, da doguwar sanda ake karkata shi, matuƙin ma yana ƙarƙashin rumfa da ƙyar yake hango ƙyallen.

Babban abin da aka yanke shi ne mutane. Victory ya shiga yaƙin Trafalgar, inda Ingila ta kara da Faransa da Sifaniya a teku, a ranar 21 ga Oktoba 1805 da mutum kimanin 820 da igwa 104. In iska ta tsananta ana son rage ƙyalle, sai gomman maza su hau sama, su jeru a kan igiya guda da ke rataye ƙarƙashin sandar, cikinsu a kan itace, su tattaro jiƙaƙƙen zane mai nauyi da hannu su ɗaure. A wasa, jan igiya ɗaya ya isa ƙyalle ya naɗe kansa kamar labulen shago. Ɗaga anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a babban jirgi aikin mutum fiye da 100 ne suna zagaya turmin naɗe igiya, kuma yana iya cin sa'o'i. A Sea of Thieves ana sakin anka a tsakiyar gudu don jirgi ya yi juyin babur. Abin mamaki, wannan yana da asali: akwai dabarar da kyaftin ke yi in ya ga duwatsu a gabansa ba wurin juyawa, ya saki anka ta fizgo goshin, sannan a sare igiyar da gatari a bar ankar a ƙasan teku. Sau ɗaya ake yi, don tsira da rai.

A wannan fannin wani tsohon wasa mai zanen yara, Puzzle Pirates na 2003, ya kama abin da manyan suka sake. Ba ya kwaikwayon iska ko igiya ko kaɗan. Kowane aiki wasan jera duwatsu ne: mai kwashe ruwa da nasa, kafinta da nasa, mai ƙyalle da nasa. Amma in kafinta ya yi sakaci ruwa ya ƙaru, in mai kwasa ya gaza jirgin ya yi nauyi, mai ƙyalle ya yi ta fama a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya buga shi ya ɗanɗani wani abu na rayuwar jirgi da kyaftin ɗin da ke danna maɓalli shi kaɗai bai ɗanɗana ba.

Yaƙin ma an gyara masa fuska. A yawancin wasanni jirgi yana da layin rai, a yi ta harbi har ya ƙare, ya nutse. Jirgin katako kuwa da wuya harsashin igwa ya nutsar da shi. Abin da ke kashe mutane shi ne tartsatsin itace, abin da ke kashe jirgi shi ne a karya masa jigo a tsinke igiyoyi, shi ya sa aka ƙera harsashi biyu haɗe da sarƙa. A Trafalgar Faransa da Sifaniya sun shiga da jirage 33 suka rasa 18 a ranar, ɗaya ne kawai ya kama wuta ya fashe, sauran kama su aka yi, guguwar da ta biyo baya ce ta hallaka da dama daga cikinsu. Ranar kuma iska ba ta da ƙarfi. Victory, wanda iyakar gudunsa kusan kilomita 20 ne a awa, ya tunkari maƙiya da saurin mai tafiya a ƙasa, ana ta harbinsa kusan minti 40 kafin ya samu damar mayar da martani. Su kuma wasannin da ke barin mutum ya yi ta jibga igwa a bene na sama, tarihi ya riga ya gwada: jirgin Vasa na Suwidin, mai igwa 64, ya kife a 1628 a tashar Stockholm bai yi kilomita ɗaya da rabi ba, don nauyi ya yi masa yawa a sama, iska ta karkata shi ruwa ya shiga ta tagogin igwa.

Sauran abu ɗaya, wanda galibin wasannin suka taru suka yi watsi da shi, har da masu tsananin. A cikinsu iska juyawa take yi cikin 'yan mintuna, don kowa ya samu rabonsa. Iskar teku kuwa lokaci gare ta, kuma wannan mun san shi ko ba mu ga teku ba. Iskar hunturu da ke zuwa mana daga arewa maso gabas reshe ce ta babbar iskar da ke kaɗawa daga wannan kusurwar har cikin Tekun Atilantika. Ita ta kai Kolombus: ya bar tsibiran Kanari ranar 6 ga Satumba 1492 ya ga ƙasa a yankin Amurka ranar 12 ga Oktoba, kwana 36. Kafin ya tashi sai da ya sa aka sauya ƙyallen jirginsa Niña daga mai kusurwa uku zuwa na gicciye, don ya san iska ta baya za ta bi shi. Da zai koma kuwa bai biyo sawunsa ba, arewa ya haura ya nemi iskar da ke kaɗawa daga yamma.

A Tekun Indiya abin ya fi tsauri. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska na zuwa daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen Oman da Indiya zuwa Mombasa da Zanzibar. Daga wajen Afrilu ta juya ta koma kudu maso yamma, ta mayar da su gida. Alhazanmu na da, waɗanda suka taka har Sawakin a gaɓar Sudan, a irin waɗannan jiragen masu ƙyalle mai kusurwa uku da yawansu suka ƙetara Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma ranar tashi ba a hannunsu take ba. Falken da ya iso Zanzibar a Janairu, ko ya sayar da dabinonsa cikin mako guda, zama zai yi har iska ta juya. A cikin watannin jiran nan ne aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, kalmomin Larabci suka zauna a bakin Sawahili. A Skull and Bones, da aka gina a kan wannan tekun, daga gaɓar Afirka zuwa tsibiran gabas tafiyar 'yan mintuna ce, a kowane wata, ta kowace fuska.